Shan ruwa da maƙwabta Malayawa: nasu zan dafa ko namu?

Maman Hanif (Serdang):
Assalamu alaikum 'yan zaure, ya ibada, ya ƙishirwa? Shawara nake nema, kuma ina so a ba ni ita kafin Asabar don ranar zan shiga kasuwa. Tun da azumin nan ya kama, maƙwabciyata Bamalayiya da muke hawa ɗaya a gidan bene nan Malesiya ba ta fasa aiko 'yarta da faranti ba in an yi la'asar. Yau kuih, ɗan abin taɓawarsu, gobe miya, jibi wani abin da ban ma san sunansa ba. Ni ma nakan zuba ƙosai ko kunun gyaɗa in mayar, don su ma ba sa mayar da kwano haka nan. Makon jiya kuma ta kira mu gaba ɗaya, ni da Abban Hanif da yara, muka sha ruwa a gidanta tare da surukarta da ƙawayenta. To yaba kyauta tukuici. Ina so in kira su, in haɗa da wasu iyalai na mutanenmu da ke kusa. Inda muka rabu da maigida shi ne girkin. Shi ya ce in tuƙa tuwo da miyar kuka su ma su san namu, ni kuma ina son in dafa nasu, rendang, naman da ake dafawa a madarar kwakwa, da ayam masak merah, kaza a jar miya, tunda ta fara koya mini. Me kuka gani?

Abban Sadik (Skudai):
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigida ya fi ki gaskiya. Matar da ta buɗe ido ta ga kakarta tana juya rendang, ita za ki dafa wa rendang? Ai kai wa Bafulatana tallar nono ne. Za su ci, za su ce sedap, wato da daɗi, don mutane ne masu kara, amma a zuci suna lissafin abin da kika rage. Ki yi abin da hannunki ya ƙware a kai.

'Yar Damagaram (Gombak):
Tuwo na yarda, kuka ban yarda ba. Yaya, mutanen nan ba su san miya mai yauƙi ba ko kaɗan. Kuɓewa suna ci, amma gudanta suke sakawa a miyar kifi ko su soya ta, ba sa kaɗa ta. Na taɓa ganin ƙawata ta ɗebo miyar kuka ta ga tana bin cokali, ta kalle ni, ta kalli cokalin, ta mayar a hankali ta ce ta ƙoshi. Kuma mai azumi ce. Ba ka gwada wa mai azumi sabon abu a lomar farko.

Bazazzage a Sintok:
Ni dai abin da zan ce, duk wanda ya gayyace ni shan ruwa ya ajiye mini abincin Malayawa to ya ci amanata. Komai sukari. Miya sukari, kaza sukari, har yajin barkono sai an barbaɗa masa sukari. Tun da na zo ƙasar nan tukunyata ce gatana. Ga kuma wannan belacan ɗin, daddawarsu ta jatan lande, in maƙwabcinka ya gasa shi sai ka rufe taga ka yi ta istigfari.

Bakano Mai Kewar Bangi (Kano):
Bazazzage, kai da daddawa ke tashi a ɗakinka har bakin lifta, kai ne mai rufe wa wani taga? Allah ya shirye ka.

Bazazzage a Sintok:
Daddawa ƙamshi ce, Bakano. Kai dai je ka ƙirga ribar kantinka.

Anti Hajjo (Bangi):
Ku bar wasa ku ba yarinya amsa. Ɗana na Sintok, zan tambaye ka abu ɗaya: ka taɓa cin abinci a cikin gidan Bamalaye? Ba kantin makaranta ba, ba bazar ɗin azumi ba, gida nake nufi, inda uwar gida ta daka kayan miyarta da hannunta. Na san amsar. Yawancin yaranmu da ke zagin abincin ƙasar nan na kanti suka sani, wanda aka dafa tun hantsi a babbar tukunya, aka cika shi da sukari da garin ɗanɗano don ya ja mai saye. Da a ce baƙo ya zo Kano bai ci komai ba sai shinkafar tasha, ya koma garinsu ya ce ya san girkin Hausawa, za ku yarda?

Kuma ƙasar ba girki ɗaya gare ta ba. Mutanen Kelantan su ne masu son zaƙi, har sauran Malayawa na tsokanarsu a kai. Ka je Negeri Sembilan ka ci masak lemak cili api, madarar kwakwa da ɗanyen kurkum da ƙaramin barkonon nan mai zafi, ka gaya mini inda sukarin yake, in ka iya magana don hawaye. A Melaka da Johor asam pedas ne, miyar kifi mai tsami da yaji, tsamiya ce ke jan ragamarta. A Pahang kuma kifin patin suke dafawa da tempoyak, wato ɗan itacen nan mai wari, duriyan, da aka bari ya yi tsami. Wannan kam ni ma ban ce kowa ya ci ba.

Maman Hanif, faɗa musu abin da aka ajiye muku a gidan.

Maman Hanif (Serdang):
To Anti. Tabarma aka shimfiɗa a falo aka ɗora ledar cin abinci. Da aka kira salla, wajen 7:25, dabino da ruwa kawai aka fara da su, sai wani kuih da suke kira tepung pelita, a cikin ɗan ƙoƙon ganyen ayaba, ƙasansa kore mai zaƙi, samansa farar madarar kwakwa mai ɗan gishiri. Aka tashi aka yi magariba, sannan aka dawo kan shinkafa.

Farar shinkafa ce zalla, amma abin ci da ita ya kai kala biyar, kowanne a ƙaramin kwano a tsakiya. Akwai kifi da aka shafe da kurkum da gishiri aka soya. Akwai miyar ganye da madarar kwakwa, ba ta da sukari ko ƙwaya. Akwai ayam masak merah ɗin, wanda dage-dagenmu ne da ɗan bambanci: a soya kazar da kurkum, a soya niƙaƙƙen busasshen barkono da albasa da tumatir har mai ya taso sama, a jefa kirfa da kanumfari, sannan a zuba kazar. Shi ne kaɗai na ji zaƙi a ciki, shi ma kaɗan. Sai ɗanyen ganye da kokwamba da suke kira ulam, ana dangwala shi a sambal belacan da tsohuwar ta daka a ɗan turmin dutse muna zaune. Sai jatan lande da petai.

Abin da na lura, ba wanda ke malale shinkafarsa da miya. Kowa zai ɗebi cokali ɗaya na wannan ya sa a gefe, ya ci da hannu, ya ɗebi na wancan. Abban Hanif kuwa ya kwarara masak merah a kan tasa kamar yadda muka saba, tsohuwar ta yi dariya ta ƙara masa.

Bazazzage a Sintok:
Petai! Wannan koren abin da in ka ci sai banɗaki ya kwana biyu yana ba da labari?

Dakta (Penang):
Shi fa, kuma ka zauna da kyau ka ji. Petai da ɗorawa 'yan gida ɗaya ne, masana tsirrai suna kiran zuriyar Parkia. Malayawa suna cin 'ya'yan tasu bishiyar ɗanye ko a soye, mu muna dafa kalwar tamu mu rufe ta ta ruɓa ta zama daddawa. Belacan kuma ƙananan jatan lande ne da gishiri, a bar su su ruɓa, a kirɓa, a shanya, a yanka gunduwa-gunduwa. Aikin da daddawa ke yi a miyarmu shi yake yi a tasu, kuma kowannensu in ya dahu warin yana tafiya ya bar ɗanɗano. Don haka rigimarka da Bakano ba ta da alƙali.

Amma a kan sukari ba zan bar Anti ta wanke su tas ba. Binciken lafiya na ƙasa da suka yi a 2019 ya nuna kashi 18.3 cikin ɗari na manyansu na da ciwon sukari, kusan mutum ɗaya a cikin biyar ke nan. A shekarar ce ma gwamnati ta sa haraji a kan lemukan kwalba masu zaƙi. Sai dai matsalar ba a tukunyar miya ta fi yawa ba, a kofi take. Ku duba abin da ake saye a bazar: air bandung, madara mai launin ruwan hoda da ƙamshin fure, ruwan rake, shayin madarar gwangwani da ƙanƙara, kowanne a babbar leda. Mutum ya wuni awa goma sha uku ba ci ba sha, ya fara da lita guda na wannan, ya bi da kuih uku. Mu ma ba mu tsira ba, wanda ya ga yadda ake zuba sukari a kunun tsamiya da zoɓo a gidajenmu ba zai yi wa kowa gori ba.

Anti Hajjo (Bangi):
Na karɓi wannan, Dakta. A kofi kam sun yi nisa.

Sabon Shiga (Shah Alam):
Salam, ku yi haƙuri in shigo da tawa a nan tunda maganar ɗaya ce. Abokin karatuna ya ce in zo gidan iyayensa shan ruwa ranar Lahadi. Ban taɓa shiga gidansu ba. Me zan kai, me zan kiyaye?

Anti Hajjo (Bangi):
Barka da zuwa, ɗana. Kada ka je hannu rabbana. Kayan marmari sun isa, kankana ko mangwaro ko kwalin dabino. Ka cire takalmi a bakin ƙofa ko da an ce ka bar shi. Uban ka kira shi pakcik, uwar makcik, kada ka kama sunansu. In kun gaisa da uban ka mayar da hannunka ƙirji. Uwar da 'yan matan gidan ba ka miƙa musu hannu, ka ɗan rusuna kawai. Yara za su zo su kama hannunka su kai goshi ko su sumbata, kada ka fizge, tarbiyyarsu ce. Za ka ga wata 'yar buta a kan mazubinta a tsakiyar shimfiɗa, ta wanke hannu ce, ba ta sha ba. Ka ɗebi kaɗan da farko, domin dole a ce ka ƙara, kuma ƙarawar ita ce yabon mai girki. In aka ƙulla maka saura a leda ka karɓa.

Ka kuma fita da wuri. Daga ƙarfe 5 zuwa magariba hanyoyin Selangor ba sa motsi a watan nan, kowa na son ya sha ruwa a gida.

Abban Sadik (Skudai):
Ka kuma shirya ganin abubuwan teku. Sotong, wata dabbar ruwa mai hannuwa da yawa, ƙaguwa, da wani mai ɓawo da suke kira kerang. In ba za ka iya ba ka ce ba ka saba ba, ba sa jin haushi. Kada dai ka ce haram ne a gidan mutane.

Ustaz na Gombak:
Gwamma da ka faɗi haka, Abban Sadik. Abin da ke rayuwa a teku halal ne a mazhabarsu ta Shafi'iyya, halal ne a tamu ta Malikiyya, har ma tamu ta fi tasu faɗi a wannan babin. Ƙyama daban, hukunci daban.

Tunda an zo nan, Maman Hanif, akwai abin da ya fi girkin muhimmanci wanda ba a taɓo ba, wato sallar magariba a gidanki. A wajen Shafi'awa Bisimilla aya ce a cikin Fatiha, kuma a bayyane limaminsu ke karanta ta. Mu kuwa an san yadda muka taso, daga kabbara sai Alhamdu. In Abban Hanif zai ja salla to ya karanta Bisimilla su ji, don kada baƙo ya koma gida yana waswasi, ko kuma ya gabatar da babba a cikinsu. Na biyu, a mazhabarsu fatar namiji in ta taɓa ta macen da ba muharramarsa ba alwala ta karye, ko da matarsa ce, ko da ba da nufi ba. Saboda haka in kin ga maƙwabciyarki tana kaffa-kaffa wajen miƙa wa mijinta kofi gab da magariba, ba faɗa suka yi ba. Ki ware wa matan wurin salla, ki ajiye dogayen hijabai masu tsabta, don su da farin telekung suke salla, wata za ta zo da nata wata ba za ta zo da shi ba.

Sabon Shiga (Shah Alam):
Allah ya saka da alheri, Malam. Ni abin da ya ɗaure mini kai, kullum bayan asham sai in ji masallaci ya ɗauki wani karatu baki ɗaya.

Ustaz na Gombak:
Niyyar azumin gobe ce. Su kowane dare sai an sabunta niyya, mu niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa wata in ba a sami abin da ya katse ba. Abin sha'awa, a daren farko limamai da yawa a nan sukan ja mutane su yi niyyar wata guda suna cewa sun bi Imamu Malik, saboda ranar da mutum zai manta. In an gama kada ka yi saurin fita, akwai moreh, ɗan abin taɓawa da shayi da ake ci tare a harabar masallaci. A nan ake sanin mutanen unguwa.

Bakano Mai Kewar Bangi (Kano):
Wayyo moreh. Ku kuna can kuna ƙorafi, ni ina nan Kano yanzu ko azahar ba a yi ba ku kuna shirin shan ruwa, awa bakwai tsakaninmu, kuma wallahi bubur lambuk nake tunawa. Sabon Shiga, ka je masallacin Kampung Baru a Kuwala Lumfur bayan la'asar ka bi layi, kyauta ake rabawa. Faten shinkafa ne da niƙaƙƙen nama da busasshen jatan lande da madarar kwakwa da man shanu, ga hulba da kirfa da kanumfari, a watsa soyayyiyar albasa a kai. A manyan tukwane mazan unguwa ke dafa shi tun safe, suna juyawa da muciya mai tsawon mutum. Kusan kowane masallaci na yin nasa, amma na can ne ya yi suna.

Ni a kan tambayar asali, ina bayan Maman Hanif. Ku duba ta wannan fuskar. Mu in baƙo ya zo ya zauna a cikinmu, ranar da ya tuƙa tuwo da kansa, ko da da gudaji, ranar muke cewa ya zama ɗan gari. Ba daɗin tuwon muke dubawa ba. Matar nan ta ɓata lokacinta ta koya miki, babu tukuicin da ya kai ta zo ta ga kin yi.

'Yar Damagaram (Gombak):
Yau Bakano ya yi magana ba maganar kuɗi a ciki, a rubuta ranar. Amma ban sauka daga kan tuwo ba, ga dalilina. Suna da nasi impit, shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi a danne ta ta kame a yanka, su ci da miyar gyaɗa mai kauri, irin wadda ake ba da sate, tsirensu, da ita a Kajang, nan kusa da ku. To wanda ya saba da wannan, tuwon shinkafa da miyar taushe mai gyaɗa ba baƙonsa ba ne. Na gwada da ƙawayena, ba wadda ta bar loma. Haka dambun nama, suna da serunding, kusan abu ɗaya ne sai dai nasu da madarar kwakwa da ɗan zaƙi. Ƙosai kuma ba sai an yi musu bayani ba, sun saba da vadai, ƙosan Indiyawan ƙasar. A fara musu da abin da ke kusa da bakinsu, kuka ta jira shekara mai zuwa.

Abban Sadik (Skudai):
Kun ga an dawo kan maganata.

Bakano Mai Kewar Bangi (Kano):
Ba a dawo ba. Kai cewa ka yi kada ta taɓa nasu.

Anti Hajjo (Bangi):
Duk kun manta rabin baƙin. Ta ce za ta kira mutanenmu ma. Ina da matan da suka shekara da shekaru a ƙasar nan, mazansu sun gama digiri na biyu sun shiga na uku, ba su taɓa sa abincin Malayawa a baki ba, ba su da ƙawa ko ɗaya a cikinsu, daga gida sai shagon 'yan Afirka a sayo garin masara da manja da tsada. Su koma gida a tambaye su yaya Malesiya, su ce akwai ruwan sama. Irin waɗannan ba za su ci rendang a hannun Bamalayiya ba, amma in Maman Hanif ce ta dafa za su ɗanɗana, don sun yarda da hannunta. Tuwon na Malayawa ne, rendang ɗin na namu ne. A yi duka biyun.

Sai dai 'yata, rendang ba girkin ranar taro ba ne. Ki yi shi daren jajibiri, kwana yana ƙara masa daɗi. Ga yadda nake yi wa kilo ɗaya na nama. Madarar kwakwa biyu, mai kauri, ki saya sabuwa a kasuwa inda ake matse ta a gabanki, ta kwali ba ta kai ta ba. Busasshen dogon barkono ki yanka ki zubar da 'ya'yan ki tafasa shi ya yi laushi. Ki niƙa shi da ƙananan jajayen albasa da tafarnuwa da citta da lengkuas, ɗan'uwan cittar nan mai tauri, da ɗanyen kurkum da serai, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke sa wa a shayi. Ki haɗa da naman da madarar a kasko mai faɗi, wuta kaɗan, kina juyawa. Awa uku zuwa huɗu. Da farko miya ce ruwa-ruwa, sai ta yi kauri, sai mai ya fito, daga nan naman ke soyuwa a cikin man kwakwar har ya yi duhu. In kika sauke da romo ba rendang kika yi ba.

Sirrin kuma kerisik ne. Gurzajjiyar kwakwa za ki soya a busasshen kasko ba mai, har ta yi ja kamar soyayyiyar gyaɗa, ki daka ta da zafinta har ta fitar da mai ta zama kamar tunkuza. Ki zuba in miyar ta fara kauri, tare da asam keping, busasshen yankan wani ɗan itace, guda biyu don tsami, da yankakken ganyen kurkum a ƙarshe. Idan kika bar kwakwar ta ƙone, ɗaci zai kama tukunyar duka, ba gyara.

Nama kuma ki je babbar kasuwar sari ta Seri Kembangan, ba nisa da ku. Daskararren naman ɓauna da ake kawowa daga Indiya ya fi araha, kuma shi da yawansu ke amfani da shi, taurinsa ma alheri ne a girkin awa huɗu.

Dakta (Penang):
A kiyaye da rendang fa, abin alfaharinsu ne. A 2018 wasu alƙalan gasar girki a talabijin ɗin Ingila suka fitar da wata 'yar asalin Malesiya, ɗayansu ya ce fatar kazar rendang ɗinta ba ta yi ƙaras-ƙaras ba. Ƙasar nan ta ɗauki zafi har firaministan lokacin, Najib Razak, ya sa baki. Ranar ce Malesiya da Indunusiya suka ajiye gardamar waye mai rendang suka haɗu a kan Bature. Asalinsa dai na Minangkabau ne a yammacin Sumatra, kuma zuriyarsu ce ta cika Negeri Sembilan.

Maman Hanif (Serdang):
Dakta ka ƙara tsorata ni. Anti, na rubuta duka. Yanzu na leƙa na gaya wa maƙwabciyar, ta ce surukarta ta ce ba za a yi rendang a hawan nan ba ta nan ba, za ta zo da turminta daren Juma'a ta zauna a kaina. Abban Sadik, ka ga ba sauran lissafi a zuci, a gabana za a yi shi.

Abban Sadik (Skudai):
To ai shi ke nan, tsohuwa ce ta dafa, ke kika riƙe muciya. Na janye rabi.

Maman Iman (Kajang):
Ni tambayata zama. Mu ba mu saba cin abinci maza da mata wuri ɗaya ba, kuma gidajen nan kun san ƙanƙantarsu. Maigidana ba zai zauna ba in aka haɗa.

Anti Hajjo (Bangi):
Shimfiɗa biyu. Maza a falo, mata ta wajen kicin ko a ɗakin yara. Su ma in suna walimar addu'a a gida haka suke yi, maza su fara gaba mata na ciki, ba wanda zai ga baƙon abu. Abin da za ki kiyaye kawai kowace shimfiɗa ta samu kowane kala, kada a tura wa maza naman a bar mata da romo.

Kuma Maman Hanif, kada ki kai taron goman ƙarshe. Masu i'itikafi sun shige masallaci, Malayawa kuma hankalinsu ya koma ɗinki da toye-toyen salla da tafiya ƙauye, unguwa takan zama kufai. Ki tuna ma lissafinmu da na gida ba lallai ya zo ɗaya ba. A 2025 Najeriya ta ɗauki azumi 1 ga Maris, nan sai 2 ga wata, salla ma can Lahadi nan Litinin. Da na nan za ki yi aiki, wanda mai riƙe da hatimin sarakuna ke sanarwa a talabijin.

Bakano Mai Kewar Bangi (Kano):
Anti, mu na gida fa? Kwakwa akwai, citta da kurkum akwai, ciyawar shayin ma ina da ita a bayan gida. Lengkuas da asam keping ne babu.

Anti Hajjo (Bangi):
Tsamiya ta tsaya wa asam keping, kaɗan za ka sa. Lengkuas ba shi da magaji, ka ƙara citta ka haƙura, ko ka roƙi mai dawowa ya riƙo maka busasshe. Kada ka sa attarugu, ƙamshinsa zai danne komai, busasshen dogon barkono za ka nema. Kuma ka ba uwargida haƙuri tun kafin ta ga yadda gas ke tafiya, gara ku yi a gawayi.

Maman Hanif (Serdang):
To ga inda aka tsaya, Abban Hanif ma ya sa hannu. Asabar ta sama in Allah ya kai mu. Ni rendang da farar shinkafa da miyar ganye. 'Yar Damagaram, tunda ke kika kawo shawarar, tuwon shinkafa da taushe na wuyanki, kabewa akwai a kasuwa. Maman Iman ƙosai da kunun gyaɗa. Zoɓo zan yi jug biyu, ɗaya ba sukari saboda Dakta da tsohuwa. Maƙwabciyar ta ce kuih nata ne kada wanda ya saya. Masak merah na ajiye shi sai da salla.

Bazazzage a Sintok:
Ba a sa sunana ba.

Maman Hanif (Serdang):
Kai da ka ce an ci amanarka?

Bazazzage a Sintok:
Tuwon zan zo ci. Rendang ɗin kuma zan ɗanɗana don in kafa hujja. Motar dare daga Changlun tana isa Kuwala Lumfur da asuba, wa zai ba ni wurin kwana?

Abban Sadik (Skudai):
Daga bakin iyakar Tailan saboda tuwo. Allah ya sa kada a ajiye petai kusa da kai.

'Yar Damagaram (Gombak):
Yaya, tukunyata ba za ta ɗauki tuwon mutum ashirin ba. Wa ke da babba a Serdang ko Kajang in zo in tuƙa a can? Kuma a samo mini muciya ta gaske, ba wannan cokalin katakon ba.